Wa'adin da Ba a Rubuta a Kwalin Waya Ba

Akwai wata shawara da ake ba mai sabuwar waya kyauta a Jalingo, tun bai bar bakin shago ba: in saƙo ya fito yana neman a sabunta manhaja, kada ka kuskura ka danna. Ana jin ta a shagunan waya na titin Hammaruwa, ana jin ta a rumfunan masu gyara da ke kewayen babbar kasuwa, har ɗaliban jami'ar jiha da ke unguwar ATC, waɗanda ake ganin su ne idon gari a harkar, da yawansu a kanta suke. Afdet, in ji su, yana shanye batir, yana sa waya zafi, yana cinye memori, kuma kamfani ne ke turo shi da gangan don waya ta gaji da wuri a koma a sayi wata. Su kuwa Google da Apple da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, kullum kiransu ɗaya ne, a riƙa sabuntawa a kan kari.

Masu tsoron ba shirme suke yi ba, suna da hujjoji, kuma zan kawo su. Amma gardamar a danna ko kada a danna ta danne wata magana da ta fi ta nauyi. Wayoyi masu tarin yawa da ke aljihun mutanen garin nan an riga an daina turo musu abin da za a danna ɗin, kuma babu wanda ya gaya wa masu su ranar da aka daina.

Abubuwa uku ake cuɗawa a kira su da suna ɗaya. Akwai sabunta ƙananan manhajoji irin su WhatsApp da Facebook da manhajar banki, wanda ke zuwa ta Play Store ko App Store, kuma mai manhajar ne ke yin sa. Akwai babban sauyi na uwar manhaja, wadda ke tafiyar da wayar gaba ɗaya, kamar a tashi daga Android 14 a koma 15. Shi wannan yakan fito kusan sau ɗaya a shekara, ya canza fuskar waya, ya zo da sababbin abubuwa, ya kuma ci gigabait biyu ko uku, a iPhone ma fiye da haka. Sai ƙaramin gyaran tsaro, wanda in an gama shi ba za ka ga komai ya sauya ba. Wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ba zai sha wuyar gane bambancin biyun ƙarshe ba. Gyaran tsaro yaɓe ne kafin damina, a bi tsaga a toshe. Babban sauyi kuwa ɗora bene ne a kan tsohon gini, in tushe mai ƙarfi ne an samu ƙarin ɗaki, in ba haka ba bango ya fara nishi. Kusan duk ƙorafin mutane a kan benen yake, amma fushin sai ya shafi yaɓen, a ƙi su duka.

Uwar manhajar waya umarni ne a rubuce, layi miliyoyi, da dubban mutane suka rubuta cikin shekaru, kuma ba a taɓa yin irin wannan aiki ba tare da kuskure ba. Wani kuskuren mai waya yana ganinsa: kyamara ta rufe kanta, bulutut ya riƙa yankewa, layi na biyu ya ɓace sai an kashe an kunna, ƙararrawar asuba ta ƙi bugawa. Wani kuma ba ya ganuwa sam. Waya tana aiki lafiya lau, alhali akwai wata kafa da duk wanda ya san ta zai bi ya shiga. Wadda ta girgiza duniyar Android ita ce wadda Joshua Drake na kamfanin Zimperium ya bayyana a watan Yulin 2015, aka sa mata suna Stagefright. Kuskure ne a sashen da ke karanta bidiyo, kuma saƙon MMS guda ɗaya da aka ƙulla da mugun nufi ya isa a shiga waya, wani lokaci ba tare da mai ita ya buɗe saƙon ba. An ƙiyasta wayoyin da abin ya shafa sun kai miliyan 950. Daga watan Agustan shekarar Google ya fara fitar da gyaran tsaro wata-wata, aka kuma sa wani layi a cikin setin, a sashen bayanin waya, mai nuna kwanan watan gyaran ƙarshe da ya shiga wayar. Wannan layin ya fi kyan kwali da girman kyamara faɗin gaskiyar halin da waya ke ciki, amma da wuya ka ga mai saye ya leƙa shi.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Ranar da aka fitar da gyara, ranar ce kuskuren ya zama sananne. Google yana wallafa jerin kafofin da aka toshe, masu kutse kuma suna karantawa kamar kowa, su kwatanta tsohon rubutu da sabo su gane inda ramin yake. Don haka wayar da ta daina karɓar gyara tana ƙara rauni ne ko da tana ajiye a aljihu, tunda kowane wata sai an ƙara yawan ƙofofinta da aka san a buɗe suke.

To me ya hana gyaran da aka fitar a Kalifoniya isowa unguwar Mayo Gwoi ko Magami ta Jalingo a ranar? Hanyar ce mai zango-zango. Google zai gyara nasa ya miƙa wa masu ƙera ƙwaƙwalwar waya, su MediaTek da Unisoc da Qualcomm, su daidaita shi da kayansu. Daga nan sai kamfanin wayar, wanda ya riga ya yi wa Android nasa kwaskwarima, Tecno da HiOS, Infinix da XOS, Samsung da One UI. Kowane samfuri sai an gina masa nasa an gwada, kuma gwajin nan albashin injiniyoyi ne. Ribar wayar araha ba ta da yawa, mafi yawanta kuma ranar sayarwa ake cin ta, saboda haka kamfanin da ke fitar da samfura masu yawa a shekara ba shi da abin da ke tura shi ya koma kan wayar bara waccan. An ga haka a fili a watan Maris na 2020, lokacin da Google ya sa gyaran wata babbar kafa ta ƙwaƙwalwar MediaTek cikin jerinsa na wata. Shi MediaTek ya riga ya ba kamfanonin waya maganin tun 2019, amma da yawansu ba su tura wa mutane ba.

Apple ba shi da wannan doguwar hanya. Shi ke tsara ƙwaƙwalwar, shi ke rubuta manhajar, samfuransa kuma kaɗan ne, shi ya sa iPhone 6s da ta fito a 2015 ta ci gaba da samun gyaran tsaro har cikin 2025. Google ya yi ƙoƙarin gajarta tasa hanyar. A 2017, da Android 8, ya raba sashen masu ƙwaƙwalwa da sauran manhajar don aikin ya yi sauƙi. A 2019, da Android 10, ya ɓalle wasu sassa yana gyara su kai tsaye ta Play ba tare da jiran kowa ba, kuma a 2022 wannan ya kai ga ƙananan wayoyi masu Android Go. Abin ya rage matsalar ƙwarai. Sai dai sassan da suka shafi ƙwaƙwalwa da sabis da kyamara har yau sai kamfanin wayar ya ga dama.

Duk wanda ya duba gilashin shagunan Jalingo, ko na Farm Centre a Kano da Computer Village a Ikeja inda yawancin kayan ke fitowa, ya san Tecno da Infinix da itel ne suka cika shi. Ukun nan na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wanda ke riƙe da kusan rabin kasuwar wayoyin komai-da-ruwanka a Afirka. A ba shi haƙƙinsa. Ya yi nazarin mu lokacin da manyan kamfanoni ba su damu ba, ya kawo waya mai layi biyu, mai batir da ke kwana, mai kyamarar da ke fitar da baƙar fata yadda take, a farashin da malamin firamare zai iya. Inda aka daɗe ana kuka da shi shi ne bayan sayarwa, musamman a ƙananan samfura, waɗanda da yawansu a kan Android ɗin da aka haife su suke mutuwa. Akwai kuma labarin Tecno W2. A watan Agustan 2020 kamfanin Upstream ya fitar da rahoto cewa ya ga wayoyi kimanin 53,000 na wannan samfuri ɗauke da muguwar manhaja mai suna Triada tun daga kwali, a ƙasashe irin su Habasha da Ghana da Kamaru da Masar da Afirka ta Kudu. Aikinta shi ne ta yi wa mai waya rajistar ayyukan biya a ɓoye, kati da data su yi ta zurarewa bai san dalili ba. Transsion ya ce laifin wani ne daga cikin masu kawo masa kaya, kuma ya fitar da gyara tun 2018. Abin lura a nan shi ne gyaran yana nan, amma shekara biyu bayan fitarsa cutar tana aiki a wayoyin da ba su saukar da shi ba.

Yanzu ga hujjojin masu tsoro. A watan Disambar 2017 Apple ya amsa cewa wata sabuntawa da ya fitar a farkon shekarar tana rage gudun tsofaffin iPhone masu gajiyayyen batir. Ya ce yana hana su mutuwa ne ba zato ba tsammani, kuma a fasahance maganar tana da ma'ana. Laifin shi ne bai gaya wa kowa ba, wanda ya ga wayarsa ta yi nauyi sai ya ɗauka tsufa ne ya zo, alhali canjin batir ya ishe shi. Faransa ta ci kamfanin tarar yuro miliyan 25 a watan Fabrairun 2020, a Amurka kuma ya amince ya biya diyyar da za ta iya kaiwa dala miliyan 500. Tun kafin wannan, a watan Satumbar 2014, iOS 8.0.1 ya ɗauke sabis a sababbin iPhone 6, aka janye shi a ranar da aka sake shi. A watan Maris na 2021 wani gyara da Google ya tura wa sashen WebView ya sa manhajoji, har da Gmail, suka yi ta rufe kansu a wayoyin Android a faɗin duniya. A Indiya kuwa ƙorafin koren layi da ke tsaga allo bayan sabuntawa ya yi yawa har OnePlus ya yi alkawarin garantin allo na tsawon rayuwar wayar a 2023. Wanda ya ce afdet na iya ɓata waya bai yi ƙarya ba.

Sai dai da yawa daga abin da ake ɗora wa afdet a nan gida ba nasa ba ne shi kaɗai. Bayan babban sauyi waya takan yi kwana ɗaya ko biyu tana sake shirya manhajojinta da hotunanta a ɓoye, a lokacin takan yi ɗumi, batir ya riƙa sauka da sauri, sannan ta daidaita. In aka yi wannan a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Jalingo ke neman digiri 40, waya tana jone a caji a ƙarƙashin rufin kwano, dole mai ita ya ga kamar za ta narke. Ga kuma memori. Waya mai gigabait 32 da bidiyon biki da wa'azi da finafinan Kannywood da saƙonnin murya na zaurukan WhatsApp goma suka cika maƙil, da ma numfashi take da ƙyar. Ga batir mai shekara uku da ya sha caji a janareta. Duk waɗannan suna nan suna jira, afdet ne kawai ya zo a ranar da abin ya bayyana.

Akwai kuma tsadar da masu tsara waɗannan abubuwa ba su lissafa da ita ba. Sun ɗauka kowa yana da Wi-Fi a gida da wutar da ba ta ɗaukewa, waya za ta kwana a jone ta yi aikinta mai ita yana barci. A nan data saye ake da awo, kuma tun da NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, awon ya ƙara tsukewa. Ka ce wa mai Keke Napep ya zuba gigabait uku a kan abin da ba zai gani da ido ba, zai dube ka ne kawai. Wutar garin ta layin Gombe da Yola take zuwa, kuma da aka lalata turakun layin Jos zuwa Gombe a watan Afrilun 2024, makonni aka yi cikin duhu, wayoyi suna kwana a teburin mai caji. Wannan a babban birnin jiha ke nan. Wanda ke ƙauyukan Lau ko Karim Lamido, ko can saman Mambila, inda sabis ke zuwa yana komawa, saukar da babban fayil ba yankewa wani aiki ne na daban.

A teburin mai gyara ake ganin inda duk wannan ke ƙarewa. Dattijo zai zo daga kasuwar shanu ta Iware, ya zaro waya daga aljihun gaba ya ajiye.

"Ɗana, duba mini ita. Tun jiya ta tsaya a kan sunan kamfani, ba ta gaba ba ta baya."

"Baba, ko kun yi afdet?"

"Yaro ne ya danna mini da dare, sai caji ya ƙare."

"To sai filashin, Baba, amma komai na ciki zai tafi. Kun san imel ɗin da aka buɗe ta da shi?"

"Ai wanda ya sayar mini ne ya buɗe."

Nan ake yin asarar gaske. Lambobin abokan ciniki, hotunan jikoki, hirarrakin da ke ɗauke da shaidar bashi, duk sun tafi, domin ba a taɓa ajiye su a wani wuri ba, imel ɗin ma mai shago ne ya ƙirƙira a tsaye ya manta kalmar sirrin. Bayan filashin wayar za ta nemi wannan imel ɗin kafin ta buɗe, sai a sake biyan kuɗin tsallake makulli. Manhajar da za a zuba mata kuma sau da yawa daga wani shafin intanet aka kwaso ta, ba wanda ya san hannun da ya taɓa ta, kuma mai yiwuwa ta girmi wadda aka goge. Tun 2016 Android yana da tsarin rubuta sabuwar manhaja a gefe guda tsohuwar tana aiki, yadda ko caji ya yanke waya za ta koma kan tsohuwar, amma ba kowane kamfani ne ya ɗauke shi da wuri ba. Baba dai zai koma majalisa ya ba da labari cewa afdet ya kashe masa waya, mutum goma su ɗauki darasi. Ban ga laifin mai gyara da ke hana mutane dannawa ba, shi wayoyin da suka lalace kawai ake kawo masa, dubun da suka sabunta lafiya ba sa zuwa teburinsa.

Tambayar da ta rage ita ce ko rashin gyaran tsaro yana cutar da talaka da gaske, ko kuwa tsoratarwa ce irin ta masu kaya. A nan ya kamata a faɗi gaskiya ba ƙari. Labaran kutse masu tayar da hankali, irin na Pegasus, makamin leƙen asiri na kamfanin NSO na Isra'ila, wanda a 2019 aka shigar wa mutane kimanin 1,400 ta kiran WhatsApp ko da ba su ɗaga ba, wanda kuma ya sa Apple fitar da iOS 14.8 cikin gaggawa a watan Satumbar 2021 bayan binciken Citizen Lab na Jami'ar Toronto, makamai ne masu tsada da ake tanadar wa 'yan jarida da 'yan siyasa da masu fafutuka. Babban birnin jiha ba ya rasa irin waɗannan mutane, su kam ba su da uzurin jinkiri ko na kwana ɗaya. Amma mai kawo doya daga Zing ba wanda zai kashe wannan kuɗin a kansa. Abin da ke kwashe masa kuɗi kira ne daga wani mai ladabi da ya ce daga banki yake, ya nemi BVN da lambar da aka turo, ko wanda ya ce a karanto masa lambobi shida don a sa mutum a taron zaure, ko ɓarawon da ya zare layi daga wayar sata ya shiga asusu da shi. Babu afdet ɗin da ke maganin wannan.

Duk da haka lissafin ya canza tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da mai shayi da mai nama suka koma karɓar tiransfa, OPay da PalmPay da Moniepoint suka shiga kowace waya. Yau jarin mutum a cikin wayar yake. Kuma bambancin tsohon Android da sabo a wajen tsare wannan jari ba ƙarami ba ne. Kafin Android 6 na 2015, manhaja tana karɓe duk izinin da take so ne a dunƙule ranar da aka saka ta, ba ta sake tambaya. Android 12 ya zo da ɗigon kore mai nuna ana amfani da kyamara ko makirufo. Android 13 ya ƙuntata wa manhajojin da aka shigo da su ta bayan fage hanyar karɓe ikon allo, wadda ita ce manhajojin satar banki suka fi bi. Wanda ya ga yadda manhajojin bashi suka riƙa kwashe lambobin mutane suna tura wa surukai da abokan aiki saƙon cin mutunci, har hukumar kare masu saye ta FCCPC ta far musu a 2022, ya san izinin da waya ke bayarwa ba wasa ba ne. Hatta maganin ƙwacen waya ta sabuntawa yake zuwa. Apple ya ƙara kariyar wayar sata a iOS 17.3 a watan Janairun 2024, Google kuma a ƙarshen shekarar ya fara tura wa wayoyi masu Android 10 zuwa sama makullin da ke rufe allo in waya ta ji alamar an fizge ta an ruga.

'Yan damfara ma sun gane darajar sunan afdet. Muguwar manhajar FluBot, wadda NCC ta yi gargaɗi a kanta a watan Oktoban 2021, ta saƙon tes ta riƙa yaɗuwa a lokacin, kuma ɗaya daga cikin dabarunta ita ce ta ce wayarka ta kamu, danna nan ka saukar da gyaran tsaro. Gyara na gaskiya ba ya zuwa ta tes, ba ya zuwa ta zauren WhatsApp, ba ya zuwa ta tallan da ya faɗo a kan allo yana ƙyaftawa. A cikin setin ɗin waya yake, ko a Play Store da App Store. Su GBWhatsApp da danginsu, da ake turawa juna ta Xender ana kuma sabunta su daga shafukan da ba a san masu su ba, ƙofa ce da mutum ya buɗe da hannunsa.

Ko wanda bai damu da tsaro ba, wa'adin zai same shi ta wata hanyar. Daga 24 ga Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5. A 2025 ya bar iPhone 5s da 6 da 6 Plus, saboda sun tsaya a iOS 12. Manhajojin banki su ma lokaci-lokaci suke ɗaga mafi ƙarancin Android ɗin da suke karɓa. Masu shekaru sun tuna zamanin da BlackBerry ce alamar isa a ƙasar nan, aka rufe ayyukan tsofaffin a ranar 4 ga Janairun 2022. A duk waɗannan, allo lafiya, sifika lafiya, manhaja ce ta ƙare.

Nan ne kasuwar wayoyin hannu, waɗanda ake kira 'yan Landan, take buƙatar a buɗe ido. Mai saye zai duba allo ko an taɓa canza shi, ya gwada kyamara, ya duba lafiyar batir, ya tambaya ko an taɓa buɗe ta. Ba ya tambayar shekarar da samfurin ya fito, balle shekarun gyara nawa suka rage masa. Da yawan waɗannan wayoyi sun ci rabin wa'adinsu ko fiye a hannun masu su na farko kafin su hau jirgi. Tsohuwar babbar Samsung mai kyan gani da ta daina karɓar gyara, da sabuwar matsakaiciya mai shekaru a gabanta, za ka iya samun su a farashi ɗaya a gilashi ɗaya, kuma ido tsohuwar zai zaɓa.

A sama, kamfanoni sun shiga tseren shekaru. Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin shekara bakwai a watan Oktoban 2023, Samsung ya bi da Galaxy S24 a watan Janairun 2024. Za a ce ai waɗannan na masu hali ne, arha kuwa ba ta ado. Amma Galaxy A16, wadda ba ta cikin masu tsada, an yi mata alkawarin shekara shida, Infinix ma ya yi wa jerin Note 40 na 2024 alkawarin manyan sauyi biyu da gyaran tsaro na shekara uku. Wato abin yana yiwuwa in kasuwa ko doka ta matsa. Dokar kuwa ta fara matsawa a wasu wurare. A Birtaniya, tun 29 ga Afrilun 2024, wajibi ne mai ƙera waya ya bayyana wa jama'a mafi ƙarancin lokacin da zai ci gaba da turo gyaran tsaro. A Tarayyar Turai, daga 20 ga Yunin 2025, sabuwar wayar da za a shigar kasuwa sai an tanadar mata sabuntawa na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin, da kayan gyara na shekara bakwai. Ta Turai tana iya ɗaga farashin ƙananan wayoyi, kuma ban ce a kwafo ta gaba ɗaya a ƙasar da mutane ke tara kuɗin waya wata da watanni ba. Ta Birtaniya kuwa ba ta tilasta wa kowa shekaru, cewa kawai ta yi a faɗa. Kamfani yana da damar ya ce wayarsa ta shekara ɗaya ce, amma ya rubuta, mai saye ya gani ya yi ciniki a kan sani.

Ga mai waya a hannu, hukuncina ba shi da wuya. Gyaran tsaro da sabunta manhajoji, musamman na banki da WhatsApp da burauza, a yi su duk lokacin da suka zo, ba su da nauyi kuma da wuya su ɓata wani abu. Babban sauyi a ƙaramar waya mai ƙaramin memori, babu laifi a jira mako biyu ko uku a ji yadda ta kaya da masu irin samfurin. In za a yi, a cika batir, a share bidiyon da ba a kallo, a tabbata lambobi da hotuna suna ajiye a imel ɗin da mutum ya san kalmar sirrinsa da kansa, a sayi datar dare mai sauƙi, in wayar ta nace sai Wi-Fi a kunna mata hotsifot daga wata. Masu shago kuma su daina buɗe wa mutane imel a tsaye ba tare da sun rubuta musu shi a takarda ba, wannan kaɗai zai rage rabin kukan da ake yi a teburin masu gyara.

NCC ce ke tantance kowane samfurin waya kafin a halatta sayar da shi a Najeriya, FCCPC kuma aikinta ne ta ga ba a ɓoye wa mai saye abin da ya kamata ya sani ba. Su biyun suna da ikon da za su ce kowane kwali ya ɗauki shekarar da za a daina turo wa wayar gyaran tsaro, da manyan baƙaƙe, kusa da girman memori da na batir. Ya kamata su yi. Kafin su yi, duk wanda zai sayi waya a Jalingo, sabuwa ko ta hannu, ya karɓe ta ya shiga setin ya duba kwanan watan gyaran tsaro tun kuɗinsa na aljihunsa. In ya ga ya haura shekara biyu kuma babu wani sabo da ke jira, ya nemi ragi mai kauri, ko ya bar wa mai shago kayansa.